Gwajin Ƙwaya A Wuraren Aiki: A Auna Da Nauyin Amana

Duk wanda ya saba shiga motar haya da asuba, daga Kano zuwa Abuja ko daga Sakkwato zuwa Kaduna, ya san irin kallon da fasinja yake yi wa direba kafin mota ta bar tasha. Ana duban idanunsa ko sun kaɗa, ana sauraren maganarsa ko harshe ya yi nauyi, ana lura da abin da ya kurɓa a wajen mai shayi. Da za a ce daga yau babu direban da zai kama sitiyari sai an gwada fitsarinsa, da wuya a sami fasinja ɗaya da zai ce an ci zarafin bawan Allah. Amma a ɗauki wannan magana a kai ta ofishin babban darakta, ko zauren majalisa, ko wajen manyan malaman jami'a, nan take za a ji an ta da zancen mutunci da sirri da 'yancin ɗan Adam. Gwajin ɗaya ne, kwalbar da ake karɓar fitsarin ma iri ɗaya ce, sai dai hukuncin da zukatanmu suke yankewa yana sauyawa gwargwadon rigar wanda aka kira. A kan wannan bambanci muke so mu tsaya, domin a cikinsa akwai abin da hankali da shari'a suka yarda da shi, akwai kuma abin da son zuciya ne kawai ya haifa.

Babu mai musun girman annobar da ta jawo wannan magana. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar da tallafin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda kafin binciken, wato kashi 14.4 cikin 100 na masu waɗannan shekaru. Miliyan 10.6 sun sha tabar wiwi, miliyan 4.6 sun yi amfani da magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramol ba bisa ƙa'ida ba, miliyan 2.4 kuma maganin tari mai kodin suka sha, kuma a cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce. Abin lura shi ne, shekara 15 zuwa 64 su ne shekarun karatu da neman abinci. Ashe ke nan waɗannan miliyoyi ba duka ne suke kwance a ƙarƙashin gada ko a kango ba. Da yawansu suna tashi da safe su tafi wurin aiki kamar kowa: wani ya hau mota, wani ya shiga aji, wani ya ɗauki bindiga, wani ya zauna a kujerar da sa hannunsa yake fitar da dukiyar jama'a.

Saboda haka ne aka fara waiwayar wuraren aiki. Tun da Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya ya karɓi ragamar hukumar NDLEA a watan Janairun 2021 yake kiran a riƙa gwada masu neman aiki, da ɗalibai, da masu shirin aure, da masu neman muƙaman siyasa. A Jihar Kano an gabatar da masu neman takara ga hukumar gabanin zaɓen ƙananan hukumomi na 2021 da na 2024, kuma a duka biyun an sami waɗanda gwaji ya nuna suna ta'ammali da ƙwaya. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta amince da gwada ɗaliban manyan makarantu, a ƙarshen shekarar kuma gwamnatin tarayya ta sanya gwajin cikin sharuɗɗan ɗaukar sababbin ma'aikatanta. Sai dai har yanzu gwajin ƙwaya ba ya cikin sharuɗɗan da tsarin mulki ya gindaya wa mai neman kujerar shugaban ƙasa, ko gwamna, ko ɗan majalisa. Yaron da ya gama digiri yana neman aikin akawu zai miƙa fitsarinsa, wanda zai yi dokar da ta shafi rayuwar wannan yaro kuwa babu mai tambayarsa.

Idan muka saurari yadda jama'a suke kallon lamarin, za mu ga sun kasa ayyuka gida uku, ko da ba su faɗa da baki ba. Kashi na farko su ne ayyukan da kuskure a cikinsu yake zubar da jini a take: direban tirela da na tankar mai, matuƙin jirgin sama, direban jirgin ƙasa, ɗan sanda ko soja mai riƙe da makami. A kan waɗannan kusan babu gardama. Kashi na biyu su ne ayyukan zaune, kamar na akawu, da mai buga takardu, da mai jiran shago. A nan mutane da yawa suna ganin gwada mutum haka kawai, ba tare da ya nuna wata alama ba, shisshigi ne cikin rayuwarsa. Kashi na uku su ne ayyukan da ake girmama masu yin su: likita, alƙali, malami, basarake, shugaban ma'aikata, ɗan siyasa. A nan ne harshe yake sarƙewa. Kowa ya san girman abin da aka damƙa musu, amma kunya da tsoro da kwaɗayi suna hana a ce su ma su zo a duba su.

Wannan rarrabewa ba a ƙasarmu ta fara ba. Amurka, wadda ta daɗe da shigar da gwajin ƙwaya wuraren aiki, ta bi ta wannan hanya tun shekaru arba'in da suka wuce. A 1986 Shugaba Regan ya ba da umarnin gwada ma'aikatan tarayya masu riƙe da muƙamai masu haɗari. A watan Janairun 1987 jirgin ƙasa na fasinja ya yi karo da kawunan jirgin ɗaukar kaya a Jihar Merilan, mutum 16 suka rasu, aka kuma gano cewa direban da ya keta alamar tsayawa ya sha tabar wiwi kafin haɗarin. A 1989 Kotun Ƙolin ƙasar ta halatta gwada ma'aikatan jirgin ƙasa bayan haɗari, a 1991 kuma aka yi dokar da ta wajabta gwaji a kan masu ayyukan haɗari a harkar sufuri. Amma a 1997 wannan kotu ta soke dokar Jihar Jojiya da ta wajabta wa 'yan takarar manyan muƙamai yin gwajin, bisa hujjar cewa jihar ba ta nuna akwai wata matsalar ƙwaya a tsakanin masu muƙamanta ba. Darasin da za a ɗauka shi ne, ko a can ma an ɗora halaccin gwaji ne a kan tabbacin cutarwa ga wasu. Tambayar da ta rage mana ita ce, a namu halin, wa da wa ne mayensu yake cutar da jama'a?

Musulmi ba ya buƙatar doguwar muhawara a kan haramcin maye. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta yanke hukunci a kan giya, Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, kuma ya bayyana cewa hukuncin ya game duk abin da yake sa maye, komai sunansa. Malaman Malikiyya irin su Imam Ƙarafi sun bambanta tsakanin abin da yake sa maye da nishaɗi, da abin da yake gurɓata hankali, da abin da yake gusar da ji gaba ɗaya, sun kuma bambanta hukuncin horon kowanne, amma ba su halatta wa kowa ya gusar da hankalinsa ba sai da larura irin ta magani. Kiyaye hankali yana cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare, tare da addini da rai da zuri'a da dukiya. To amma haramcin abu daban, halaccin bin diddigin mutum don a gano ko yana aikata shi daban. A nan ne ake buƙatar natsuwa.

Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana yawan zato, ta kuma hana binciken asirin mutane. A cikin hadisan da Abu Dawud ya ruwaito akwai gargaɗi ga shugaba cewa idan ya mayar da neman aibin jama'a sana'a, to lalata su zai yi. Musulunci bai ba kowa izinin leƙa ɗakin wani ko bin sawunsa don a kama shi da saɓon da ya ɓoye tsakaninsa da Ubangijinsa ba. Wanda ya ce gwajin fitsari yana da kama da wannan bincike bai faɗi abin banza ba, domin fitsarin mutum yana tona abin da ya sha a ɗakinsa, da maganin da likita ya rubuta masa, wani lokaci har da cutar da yake ɓoyewa. Don haka muna ganin mai jiran shago ko mai buga takardu da ya ƙi a gwada shi haka siddan, alhali bai taɓa nuna alamar maye a bakin aiki ba, yana da hujjar da ya kamata a saurara.

Sai dai malaman da suka yi bayanin hana bincike su ne kuma suka bayyana iyakarsa. Imam Mawardi, a littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya, ya hana mai hisba bin diddigin saɓon da aka ɓoye, amma ya keɓe wurin da ake tsoron aukuwar ɓarnar da ba a iya gyara ta bayan ta auku, kamar kisan kai. Ya kuma ba mai hisba ikon hana masu jiragen ruwa ɗaukar kayan da ya fi ƙarfin jirgi, da hana su tafiya lokacin da iska ta tsananta. Mai jirgi ba zai ce jirgina ne ba, domin rayukan da ke ciki ba nasa ba ne. Haka nan hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da ke cikin Bukhari ya kwatanta al'umma da mutanen da suka shiga jirgin ruwa, na ƙasa suka so huda rabonsu don su ɗebi ruwa, aka nuna cewa barin su halaka ce ga kowa, riƙe hannunsu kuma tsira ce ga kowa. Direban da ya haɗiyi tiramol ya ɗebi mutum goma sha takwas ya hau titi ya fita daga babin mai saɓo a ɓoye, ya shiga babin mai huda jirgi.

Daga nan ma'aunin ya fito fili. Aiki amana ne, kuma aya ta 26 a Suratul Ƙasas, cikin labarin Annabi Musa, Alaihis Salam, ta haɗa siffofi biyu na wanda ya fi cancanta a ɗauka aiki, wato ƙarfi da amana. Ƙwaya tana cin duka biyun. Wanda ya karɓi aikin da rayukan mutane ko dukiyarsu ko tarbiyyar 'ya'yansu suke hannunsa, ya karɓa ne bisa sharaɗin zai zo da cikakken hankali, kuma waɗanda suka ba shi amanar suna da haƙƙin tabbatar da cewa sharaɗin yana nan. Idan an bayyana masa tun ranar ɗaukarsa cewa gwaji yana cikin ƙa'idojin aikin, ya kuma amince, to ya zama alkawarin da Musulmi yake cikawa. Gwargwadon nauyin amana, gwargwadon haƙƙin jama'a na dubawa. Da wannan ma'auni ya kamata a jera ayyuka, ba da albashi ko girman rawani ba.

Idan aka yi haka, jerin zai sauya. Direban motar haya zai ci gaba da zama a sahun gaba, amma ba shi kaɗai ba. Likitan da zai yi tiyata, da nas ɗin da mabuɗin ma'ajiyar allurai masu ƙarfi yake hannunta, da mai harhaɗa magunguna, duk suna kusa da ƙwaya fiye da kowa, kuma kuskurensu yakan ƙare a maƙabarta. Ɗan sandan da ke tsaye a shingen bincike da harsashi a bindiga, yatsansa ɗaya ya isa ya mayar da mace bazawara. Malamin da aka damƙa wa yara, na boko ne ko na Islamiyya, da mai kula da ɗakin kwanan ɗalibai, da direban motar makaranta, suna riƙe da abin da iyaye ba su da kamarsa. Alƙali kuwa, shari'a ta hana shi yin hukunci yana cikin fushi saboda fushi yana rufe tunani, to ina ga wanda ƙwaya ta rufe masa? Mu da muke wannan rubutu, da limamai da masu wa'azi da jami'an Hisba, babu ɗayanmu da ya kamata ya ga kansa ya fi ƙarfin a duba shi. Mai dokar barci bai kamata ya ɓuge da gyangyaɗi ba.

A saman jerin kuwa masu mulki ne. Direba yana ɗauke da mutum ashirin, gwamna yana ɗauke da miliyoyi. Kuma ba za a ce babu dalilin zargi ba, tunda sakamakon gwajin 'yan takara a Kano ya nuna abin da ya nuna a matakin ƙananan hukumomi. A watan Oktoban 2024 Sanata Kawu Sumaila, mai wakiltar Kano ta Kudu, ya tashi a zauren Majalisar Dattawa ya zargi wasu 'yan siyasa da hannu cikin harkar ƙwaya, ya kuma nemi a riƙa gwada masu neman muƙami. Mutanen Arewa ba su buƙaci sanata ya gaya musu ba. Sun ga yadda ake tara matasa lokacin yaƙin neman zaɓe, 'yan daba a Kano, 'yan sara-suka a Bauchi, 'yan ƙalare a Gombe, sun kuma san cewa yaron da bai ci abincin rana ba ba shi ne yake sayen abin da yake sa shi ɗaukar gora da adda ba. Abin takaici ne a ce wanda ya saya wa yaro ƙwaya jiya shi ne yau zai sa hannu a takardar hana shi aiki saboda ƙwaya.

Tarihin Musulunci ya koya mana inda ake farawa. Lokacin da wata mace daga babban gidan Banu Makhzum ta yi sata, aka nemi Usama ɗan Zaidu ya yi ceto, Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya yi fushi, ya bayyana cewa abin da ya halaka al'ummun da suka gabata shi ne ƙyale mai daraja idan ya yi laifi da hukunta mai rauni. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya ji warin abin sha a jikin ɗansa Ubaidullahi, bai rufe maganar ba, ya sanar cewa zai bincika, idan abin mai sa maye ne zai yi masa bulala. Haka kuma ya tsayar da haddi a kan Ƙudama ɗan Maz'un, Allah Ya ƙara masa yarda, alhali shi ne gwamnansa a Bahraini, ɗan'uwan matarsa ne, kuma yana cikin waɗanda suka halarci Badar. Dokar da ta fara daga gidan shugaba ita ce talaka yake karɓa da zuciya ɗaya. Wadda ta tsaya a kan mai neman aiki da ɗalibi da direba kuwa, za a bi ta ne don dole, a kuma nemi hanyar zagaye ta da cin hanci.

A cikin labarin Sayyidina Umar da ɗansa akwai wani darasi na biyu: bai yi hukunci da wari kaɗai ba, sai da ya tambayi abin da aka sha. Wannan shi ne tabbatarwar da aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da ita, don kada a cutar da mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Ya kamata iyaye da shugabannin ma'aikatu su san cewa ɗan tsinken da ake tsomawa a fitsari gwajin farko ne kawai, kuma yana kuskure. Wasu magungunan mura suna iya fitowa kamar ƙwayar ƙara kuzari, wani maganin tarin fuka da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna iya fitowa kamar dangin kodin, wani maganin cutar ƙanjamau kuma an san yana fitowa kamar tabar wiwi a wasu nau'o'in gwajin. Shi ya sa ƙa'idar aikin ita ce a sake tabbatar da sakamakon a babban ɗakin gwaje-gwaje kafin a ɗauki mataki. Ga kuma masu amosanin jini, waɗanda suke da yawa a cikinmu, da likita yake rubuta musu magunguna masu ƙarfi idan ciwo ya tashi. Korar irin wannan bawan Allah daga aiki saboda maganin da yake sha da izinin likita zalunci ne tsantsa.

Haka kuma gwajin ba ya faɗin duk abin da ake zaton yana faɗa. Yana nuna cewa abu ya shiga jiki a kwanakin baya, ba ya nuna ko mutum yana cikin maye a wannan sa'a. Alamar tabar wiwi takan daɗe makonni a fitsarin wanda ya saba sha, ta kodin kuwa takan ɓace cikin kwana biyu zuwa uku, giya ma cikin sa'o'i. Tiramol ba ya fitowa sai an yi amfani da tsinken da aka tanada dominsa, sholisho da zaƙami kuwa gwajin da aka saba yi ba ya kama su. Ma'ana, wanda aka sanar da shi ranar gwaji zai iya daurewa na 'yan kwanaki ya wuce, ya koma ruwa washegari. Saboda haka gwajin ranar ɗaukar aiki kaɗai ba ya tsare kowa. A ayyukan da rayuka suke ciki, abin da yake da amfani shi ne gwajin ba-zata wanda ƙuri'a take fitar da wanda za a duba, babba ko ƙarami, da gwaji bayan haɗari, da gwaji idan alama ta bayyana. A sauran ayyuka kuwa, a bar mutane da zahirinsu har sai sun nuna abin da ya saɓa.

Bayan sakamako ya tabbata, sai maganar abin da za a yi da mutumin. Ofis ba kotu ba ne, shugaban ma'aikata kuma ba alƙali ba ne. Abin da yake hannunsa shi ne ya janye mutum daga wurin da zai cutar da wasu, ya rufa masa asiri, ya buɗe masa ƙofar magani. Manna sunaye a allon sanarwa, ko yaɗa su a Facebook da WhatsApp, ya saɓa wa umarnin suturta Musulmi, kuma yakan rufe wa mutum ƙofar aure da sana'a har bayan ya tuba. A cikin Bukhari akwai labarin mutumin da aka sha kawo shi gaban Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, amma ba a fitar da shi daga cikin jama'a ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda aka kora ba tare da magani ba, gida zai koma, ko tasha, ko hannun masu neman 'yan bangar siyasa, cutar kuma tana nan. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Maiduguri da Kware, da cibiyoyin NDLEA, suna karɓar irin waɗannan, sai dai sun yi kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da yawan masu buƙata. Gwamnatin da ta wajabta gwaji ta ɗora wa kanta wajibcin samar da wurin magani.

Akwai kuma tambayar da masu ba da aiki ba sa son a yi musu: me ya kai ma'aikacin ga ƙwayar? Da yawa daga direbobi da leburori da 'yan dako da masu aikin gona ba nishaɗi suke nema ba, ƙarfin da jiki ba shi da shi suke nema. Mai motar da ya ɗora wa direba zuwa Legas da dawowa ba hutu, da mai adaidaita sahun da ya yanka wa yaro balas ɗin da ba ya samuwa sai an kai dare ana aiki, da ɗan kwangilar da yake biyan lebura da yawan bulon da ya ɗauka, duk suna da kaso a cikin laifin. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya hana a ɗora wa masu hidima abin da ya fi ƙarfinsu, ya ce idan an ɗora musu to a taimaka musu. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani. Ƙungiyoyin direbobi da Hukumar Kiyaye Haɗurra suna iya tsayar da gwaji a tashoshi, amma sai sun haɗa da ƙayyade sa'o'in tuƙi da hana sayar da ƙwaya a cikin tashar kanta, in ba haka ba ana sharar gida ne ana zuba sharar a tsakar ɗaki.

Ga iyaye da ɗalibai, waɗanda su ne mafi yawan masu karanta wannan shafi, nasiharmu gajeriya ce. Ɗalibin da yake haɗiyar ƙwaya don ya kwana yana karatu, ko ɗalibar da ƙawaye suka koya wa kurɓar maganin tari a gidan biki, su sani cewa ƙofofin aiki da na karatu sun fara rufuwa ga mai wannan hali, kuma tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Wanda ya riga ya faɗa ya nemi likita tun kafin takardar gwaji ta tona shi, domin daina wasu ƙwayoyin kai tsaye ba tare da kulawar likita ba yana da haɗari. Wanda yake shan magani bisa umarnin likita ya adana takardarsa, ya bayyana kafin a karɓi fitsarinsa. Uba kuma kada ya nemi wanda zai sayar masa da takardar sakamakon ƙarya don ɗansa ya sami aiki. Shaidar zur ce, kuma idan yaron ya hau mota ko ya riƙe bindiga ya kashe wani, wanda ya sayi takardar yana da rabonsa na alhakin.

Matsayinmu dai shi ne: muna goyon bayan gwajin ƙwaya a duk aikin da rayuka da dukiya da tarbiyyar jama'a suke ciki, bisa sharaɗin a fara daga sama, a tabbatar kafin a hukunta, a rufa asiri, a kuma samar da magani. Muna kira ga Majalisar Dokoki ta Ƙasa da majalisun jihohinmu su fara da kansu, su sanya gwajin cikin sharuɗɗan takara da na riƙe muƙami, kafin su ɗora shi a kan yaron da yake neman aikin masinja. Muna kira ga malamai su yi bayanin wannan mas'ala a mumbari da adalci, kada su tsaya ga zagin matasa su manta da masu sayar musu da masu saya musu. Allah Ya tsare mana hankulanmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya yaye wa waɗanda aka jarraba, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amanar da suka ɗauka. Amin.